Sun ba hotona maki 1 kuma ba wanda ya ce me ya sa: in rama ne ko in yi shiru?

Wani ƙanena a sana'a, matashi daga Zariya, ya aiko mini da tambaya haɗe da hoto. Ya shiga wata gasar hotuna ta intanet, irin wadda ake ba da jigo, kowa ya kawo hoto ɗaya, sannan jama'a su ba da maki daga 1 zuwa 10 ba tare da sun san mai hoton ba. Jigon makon shi ne motsi, shi kuma ya kai hoton wani mahayi yana jahi ranar hawan Sallah. Mutum 80 suka kaɗa masa ƙuri'a, ya tashi da matsakaicin maki 5.4, wanda ya zo na ɗaya kuma ya sami 7.1. Faɗuwar ba ta dame shi ba kamar yadda wannan ya dame shi: mutum 4 sun ba shi 1, mutum 3 sun ba shi 2, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya bar masa kalma guda. Yana tambaya: ashe ba wajibi ba ne wanda ya kayar da hoto ya faɗi dalilinsa? Wannan ba hassada ba ce? Kuma idan haka ake yi, shi ma ya dinga ramawa?

Ƙanena, na san zafin da kake ji. Ka tashi da sassafe, ka sha rana da ƙura a ƙofar fada, ka yi ta kauce wa kofaton dawakai da bulalar dogarai, ka dawo gida ka zaɓi hoto ɗaya daga cikin ɗaruruwa, sai wani da ba ka sani ba ya danna 1 cikin sakan biyu ya wuce abinsa. Wanda bai taɓa ɗaukar kyamara ba zai ce ai lamba ce kawai. Mu mun san ba haka ba ne. Amma kafin mu yanke wa mutanen nan 7 hukunci, zo mu yi lissafi tukuna, domin lissafin zai rage maka rabin ɓacin ran.

Mutum 80 a kan matsakaicin 5.4, jimillar makinka 432 ke nan. Waɗannan 7 ɗin sun ba ka maki 10 gaba ɗayansu. Cire su, kamar ba su taɓa zuwa ba: saura maki 422 daga mutum 73, wato kusan 5.8. Ka ga ko da an kore su duka, har yanzu akwai tazara mai nisa tsakaninka da mai 7.1. Sannan a jadawalin da ka turo mini na ga mutum 2 sun ba ka 10, mutum 3 sun ba ka 9. Su ma ba su faɗi dalili ba, amma ba ka kawo ƙararsu ba. Idan za a cire na ƙasa, adalci ya ce a cire na sama. A yi haka, sai ka koma 5.5. To wannan shi ne ainihin hukuncin da aka yi wa hotonka: mutum 68 sun kalle shi, yawancinsu suka ce bai lalace ba, amma bai tsayar da su ba. Saƙon da ya kamata ya hana ka barci yana wajen masu 5 da 6 ɗin nan masu yawa, ba wajen masu 1 ba.

Haka abin yake a ko'ina aka tara mutane da yawa su auna abu. Idan ka jera makin kowane hoto, za ka ga ya yi tudu a tsakiya, ya zube ta gefe biyu. Na sha ganin hoton da ya lashe gasa yana ɗauke da 1 ko 2 a gindinsa, na kuma sha ganin na ƙarshe yana da mai ba shi 8. Abin da ke sa ƙuri'a ɗaya ta yi nauyi shi ne ƙarancin masu zaɓe. Hoton da mutum 100 suka ba matsakaicin 6, idan wani ya zo ya ƙara 1, zai sauka ne zuwa 5.95 kawai. Amma idan mutum 10 ne suka ba shi 6 ɗin, wannan 1 ɗin zai ja shi har 5.55. Shi ya sa a ƙananan gasannin da muke shiryawa a zaurukan WhatsApp da Facebook, inda masu zaɓe ba su fi 15 ba, mugun maki ɗaya yake zama rigima ta gaske, kuma a can ne mai shirya gasa ya kamata ya buɗe ido.

Su wa ke ba da 1? Ba zan ce maka babu mahassada ba. Akwai ɗan takarar da ke tauye mudu da gangan, yana ba kowa ƙasa don nasa ya ɗaga. Amma a sanina su ne mafi ƙaranci. Akwai wanda ma'auninsa ne haka: yana amfani da sikelin tun daga 1 har 10, wanda ya fi burge shi a makon ya sami 10, wanda ya fi kasa burge shi ya sami 1, ko da hoton ba shi da wani babban laifi. Akwai wanda ya ga hoton bai dace da jigo ba, kuma a wajensa wannan kaɗai ya isa. Akwai mai kallo a waya cikin rana, hasken fuskar wayar a ƙasa, duk abin da ke da inuwa ya zame masa baƙi ƙirin. Akwai kuma wanda ya riga ya kalli hoto 150 a zama ɗaya, idonsa ya gaji, naka ya zo masa a na 151. Daga lambar kaɗai ba za ka iya bambance waɗannan mutanen ba, don haka duk wanda ka zarga, zato ne.

Yanzu ga ainihin tambayarka: wajibi ne a faɗi dalili? Ra'ayina ya rabu biyu, kuma ina tsaye a kan duka biyun. A matsayin ladabi, e, wanda ya ba hoto 1 ko 2 ko 3 ya kamata ya ce wani abu. A matsayin doka ta tilas, a'a, ban goyi baya ba.

Ga dalilin na biyun. Ranar da aka ce ba za ka iya ba da ƙasa da 4 ba sai ka rubuta bayani, mutane ba za su fara rubuta bayani ba, za su daina ba da ƙasa da 4 ne kawai. Sai 4 ta zama sabuwar 1, sikelin ya tsuke, hotuna masu rauni da matsakaita su cakuɗe a wuri ɗaya. Waɗanda suka daure suka rubuta kuma, da yawansu za su sa "bai yi ba" ko "duhu" don a bar su su wuce. Ka sami kalma, amma ba ka sami ilimi ba. Shafin DPChallenge, wanda aka kafa a Amurka a 2002 kuma yake cikin tsofaffin masu irin wannan gasa, ya bi hanya ta tsakiya: ƙa'idojinsa sun ƙarfafa a bar gyara mai amfani tare da duk makin da ya kai 3 ko ƙasa, amma ba su soke ƙuri'ar wanda bai rubuta ba. Abin da suka tsananta a kai daban ne. Ana ɓoye sunan mai hoto har a gama zaɓe, kuma ƙuri'unka ba za su shiga lissafi ba sai ka auna aƙalla kashi 20 cikin 100 na hotunan gasar, don kada mutum ya shigo ya ɗaga na abokinsa, ya kayar da biyu ko uku, ya fice. Wata ƙa'idarsu da nake so ƙwarai ita ce, idan kana zargin hoto ya karya dokar gasa, kada ka hukunta shi da maki. Ka auna shi kamar ba shi da laifi, ka kai rahoto ga masu kula. Mai zaɓe ba ɗan sanda ba ne.

Akwai kuma ɗaya tsarin, na fili. A Wikimedia Commons, rumbun da hotunan gasar Wiki Loves Africa ke shiga tun da aka fara ta a 2014, kuma 'yan'uwanmu masu aikin Wikipedia ta Hausa suna zuba nasu a ciki, idan aka gabatar da hoto don ya shiga sahun zaɓaɓɓu, kowa da sunansa yake goyon baya ko ya ƙi, kuma ana sa ran mai ƙi ya faɗi dalili. Hoto ba ya wucewa sai ya sami aƙalla goyon baya 7, kuma masu goyon bayan su ninka masu ƙi. A nan mutum yana koyo da sauri, don ana gaya masa ƙarara cewa gefen hagu ya yi biji-biji ko ginin ya karkace. Sai dai yana buƙatar ƙarfin zuciya, kuma inda sunaye suke a fili, sanayya da jin nauyi suna iya shigowa. Kowane tsari da abin da yake saya da abin da yake sayarwa. Gasar da ka shiga ta zaɓi sirri, kuma shirun da ya ɓata maka rai yana cikin farashin sirrin.

Na ɗayan kuwa, batun ladabi, a nan nake so in daɗe, don kai ma mai zaɓe ne a hotunan wasu. Ƙa'idar da nake bi ita ce: idan yatsana ya nufi 1 ko 2 ko 3, sai in tsaya in tambayi kaina ko zan iya faɗin laifin hoton nan a jimla ɗaya. In na iya, sai in rubuta jimlar, ai ba ta cin minti guda. In na kasa, to ban kalli hoton ba ke nan, ƙyamarsa kawai na ji, sai in sake kallo. Sau da yawa a kallo na biyu makin yakan hau. Wani lokaci kuma ba ya hawa, amma na gano dalilin.

Na koyi wannan ne da ciwo. Shekarun baya an sa ni cikin alƙalan wata ƙaramar gasa ta ɗalibai. Ina cikin mota da rana tsaka, ina duba hotunan a waya, sai na zo kan wani da kusan duk baƙi ne. Na ba shi maki ƙasa, na rubuta kalma ɗaya: duhu. Da daddare na buɗe kwamfuta don in tura sakamako, sai hoton ya buɗe a babban allo. Wata tsohuwa ce zaune a ɗaki tana kaɗi, fitilar ƙwai a gefenta, hasken ya zana gefen fuskarta da zaren da ke tsakanin yatsunta da mazari, sauran ɗakin ya nutse. Duhun da na kira laifi shi ne hoton. Na gyara makin kafin a sanar, amma kalmar ta riga ta isa ga yarinyar da ta ɗauka. Na nemi afuwarta, ta ce ba komai, sai dai na ji a muryarta cewa ta riga ta fara shakkar idonta. Tun daga ranar ban sake auna hoto a cikin rana ba, ban kuma sake barin kalma ɗaya tilo a matsayin sharhi ba.

Maigidana da ya koya mini aiki a situdiyo, zamanin da ake wanke hoto a ɗakin duhu, yana da wata ɗabi'a. Idan na miƙa masa hoto, ba ya cewa ya yi ko bai yi ba. Sai ya riƙe shi da nisan hannu, ya ɗan yi shiru, ya ce: "Me ka so in gani?" In na faɗa, sai ya sa yatsa a inda idonsa ya fara sauka, wanda galibi ba nan nake nufi ba. Duk sharhin kirki daga nan yake tasowa. Ka faɗi inda idonka ya fara sauka, ka faɗi abin da ya ja shi daga inda ya kamata, ka kawo gyara ɗaya da mai hoton zai iya yi da kayan da yake da su. Ɗaya, ba bakwai ba. Ka yi magana a kan hoton, ka bar mai hoton. "Sandar lantarkin nan ta fito ta bayan kansa" gyara ne. "Ba ka iya ɗauka ba" zagi ne, ko da gaskiya ce. Kada ka ce wa mai waya ya je ya sayi kyamarar miliyoyi. Kuma ka raba laifi da son rai: in kai ba ka son hoton baƙi da fari, ka ce ra'ayinka ne, kada ka mai da shi doka.

Mu Hausawa matsalarmu ta fi karkata ta ɗaya ɓangaren. Kara ta yi mana yawa. Mutum zai sa hoto a zaure, a jera masa "Masha Allah" 40 da "Allah ya ƙara basira" 20, ya kwana yana jin ya gama iyawa. Addu'a abu ne mai kyau, ni ma ina yi, amma ba ta gaya wa mutum cewa sararin samaniyarsa ya ƙone fari fat. Sai ya fita gasar duniya inda ba wanda ya san babansa, a ba shi 5, ya ce an tsane shi. Ina ganin wani ɓangare na zafin da kake ji daga nan ya fito: ba ka saba jin komai ba sai yabo. Alhali mu ne muke cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kara ta gaskiya ita ce ka zaɓi lafazi, ka zaɓi wuri, in gyaran mai nauyi ne ka bi mutum ta saƙon sirri maimakon bainar jama'a. Ba ita ce ka ɓoye masa abin da kowa ke gani ba.

Batun ramawa kuwa, kada ka soma. Ba ka san waɗanda suka ba ka 1 ba, don haka ramuwarka a kan bayin Allah za ta faɗa, irinka, waɗanda su ma gobe za su kwana suna tambayar me suka yi. Ƙuri'a shaida ce, abin da idonka ya gani shi za ka faɗa. Haka nan kada ka bi wanda ya rubuta maka gyara da dogon bayani na kare kai, balle tun ana cikin zaɓe, wanda hakan tona sunanka ne. Yawanci mai tsayawa ya rubuta ba shi ne mai ba da 1 ba, shi ne wanda hoton ya ɗan taɓa shi har ya ba da lokacinsa. In ka yi masa ca, shi da masu kallo za su koyi cewa shiru ya fi lafiya, kai ne kuma ka ƙara yawan shirun da kake kuka da shi. Ka ce na gode. In ba ka gane ba, bayan an gama ka tambaye shi cikin ladabi me yake nufi. Kuma tura wa dangi da abokai adireshin gasa a ce su je su danna 10, shi ma tauye mudu ne, ta sama kawai aka yi shi.

In kana da hujjar cewa wani yana kayar da kowa da gangan, masu shirya gasa za ka gaya wa, su ke ganin ƙuri'un kowa a jere. Maganin a hannunsu yake, kuma tsoho ne. A gasar tsalle cikin ruwa ta mutum ɗai-ɗai a Olamfik, alƙalai 7 ke ba da maki, a zubar da manya 2 da ƙanana 2, a yi aiki da 3 na tsakiya. Duk mai shirya ƙaramar gasa a zaure zai iya yin irin wannan da biro da takarda.

Saura hotonka. Na buɗe shi a babban allo, da daddare. Idona ya fara sauka ne a kan farin rawani da alkyabba, don su suka fi komai haske, daga nan ya nemi fuskar mahayin bai samu ba, ta nutse a ƙarƙashin amawali. Wannan ba laifinka kaɗai ba ne. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mai da duk abin da ya gani ruwan toka matsakaici, don haka idan farin kaya ya cika hoto sai ta rage haske, baƙar fuska ta tafi. Matsalar ta daɗe: katin da kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto don daidaita launi tun shekarun 1950 hoton farar mace ne, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da launin fata daban-daban. Kyamarorin yau sun fi na da nesa ba kusa ba, amma mai ɗaukar hawan Sallah da rana dole ya ƙara haske da hannunsa, kamar mataki ɗaya, yana lura kada farin ya ƙone, ko ya nemi gefen da rana ke dukan fuska.

Na biyu, bayanan hoton sun nuna ka ɗauka a kashi 1 cikin 60 na sakan, wato tsawon lokacin da idon kyamarar ya yi a buɗe, kuma kyamarar a tsaye take. Shi ya sa taron jama'a da ke baya suka fito tar, dokin kuma ya yi dishi-dishi, wato abin da ba ka nufa ba ya fito, wanda ka nufa ya ɓace. Hanya biyu ce. Ko ka daskarar da dokin da 1 cikin 1000, ƙura da kofato su tsaya a iska, ko ka bar 1 cikin 60 ɗin amma ka bi dokin da kyamara yayin da kake dannawa, shi ya fito, bayansa ya zama zane-zanen gudu. Ga jigon motsi, ta biyun ce za ta ci. Sannan ka sa masa suna "Jahi" kawai. Mai zaɓe a Faransa ko Indiya bai san cewa mahayin nan ya sako doki ne a guje zai ja linzami ya yi jinjina a gaban Sarki ba, doki kawai ya gani. Suna mai ɗan bayani da ya taimake shi.

Abin da ka yi daidai shi ne lokacin dannawa. Hannun da ya ɗaga da mashi, wuyan dokin da ya lanƙwashe, ƙurar da ta tashi daidai ƙirjinsa, wannan sakan ɗin ba kowa ke kama shi ba, kuma shi ne abin da ya fi wuyar koyarwa. Da ina cikin mutum 80 ɗin, 6 zan ba ka, in rubuta: "Ka kama lokacin, amma dokin ya kuɓuce wa saitinka, bi shi da kyamara." Kafin Sallah mai zuwa, je ka bakin titi da yamma ka yi ta gwada bin masu babur da masu keke a 1 cikin 60, sai ka ga cikin goma kana samun uku masu kyau. In ka kai nan, turo mini ukun in gani.